Takobin da Ba Shi da Suna a Rumbun Zarnagu

Da sunan Wanda ya halicci ƙarfe, ya halicci tsatsar da ke cinsa, ya halicci hannun da ke goge shi har ya gaji. Ku matso kusa, don muryata ba ta kai inda take kaiwa a da. Ni ne Gwadabe ɗan Tankari, wanda ya riƙe makullan Rumbun Makamai na birnin Zarnagu shekara talatin da huɗu, wanda ya taka ƙasashe da ƙafa a shekarun da sa'o'insa ke zaune a inuwa suna faɗa da jikoki. Abin da na gani zan faɗa, abin da na aikata ma zan faɗa, ko da yake na biyun ya fi nauyi a baki.

Mutanen Zarnagu sun fi son kayan yaƙi a kan yaƙin kansa. Duk abin da dakarun iyaka suka tsinto ko suka ƙwato, Rumbu ake kawo shi a rataye a bango. Zaure goma sha biyu ne, cike da masu da garkuwoyi da sulke da kwalkwali da barandami, kuma ƙofa a buɗe take ga baƙo da ɗan gari. Aikina biyu ne. In goge kowane makami har mutum ya ga haƙoransa a ciki, in kuma ɗaura masa guntun fata mai ɗauke da sunansa da ƙasarsa da abin da aka yi da shi.

To, ga al'adar da ta ɗaure ni. Mai tsaron Rumbu ba ya ajiye makullai sai kowane makami na da fatarsa. Waɗanda suka gabace ni, wasu da makullan suka mutu, wasu ƙarya suka shara suka tafi abinsu. Na san wani mashi a zaure na uku da aka jingina wa wani sarkin da uwarsa ba ta taɓa haifarsa ba. Ni kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya har ya rage guda tak. Kuma na gaji, gajiyar da barci ba ya wanke ta. Abin da nake so a duniya bai wuce in koma Tungar Marke wurin ƙanwata Tabawa ba, in shimfiɗa tabarma, in miƙe ƙafa, kada kowa ya sake nuna mini wani abu ya ce wannan na wane ne.

Gudan da ya rage takobi ne. Tsawonsa daga ƙasa ya kai mini ƙirji, ba shi da kube, ba shi da kaifin da zai yanka ko kabewa. A jikin ruwansa akwai ramuka bakwai a jere, kowanne ɗan yatsa zai shiga. Shekara talatin da ɗaya yana rataye, ba wanda ya san ko na mene ne.

Magajin Rumbu, wato shugabana Ɗandare, ya kira ni wata rana ya ce, "Haba Malam Gwadabe, rubuta wani abu mana ka huta. Wa zai taso daga kabari ya ƙaryata ka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni zan sani."

Ya ce, "Kai dai da taurin kai aka yanke maka cibiya. To ɗauke shi, ka je ka nemo masa suna. Ran da ka dawo ka ɗaura fatar da hannunka, ran nan na sallame ka. In ba haka ba, aikin nan yana wuyanka har ka mutu."

Na naɗe takobin a tsohon bargo, na ɗaure a baya, na fita ta ƙofar gabas ina ɗingishi tun ban yi nisa ba.

Bayan kwana arba'in na isa Gangama, garin maƙeran da ke zaune a cikin kogon wani dutse, inda wuta ba ta mutu ba tun zamanin kakanninsu. Mutanen nan sai ka yi ihu suke jin maganarka, amma in allura ta faɗi a ƙarshen kogo za su gaya maka inda aka haƙo tamarta. Babbansu, wani ƙaton tsoho mai suna Makau, ya rataye takobin da zare, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da farce. Sai kowa ya ajiye masaba ya zauna. Ƙarar ta kama tun azahar, ba ta yanke ba sai da la'asar ta yi, ni kuwa tuni na daina jinta ina ta gyangyaɗi.

Makau ya ce, "Tamar Duwatsu Bakwai ce, can bayan Kogin Juyi. Ba a taɓa wasa shi ba, bai taɓa shan jini ba. Ramukan nan ba don ado aka yi su ba, amma ban san aikinsu ba." Sa'annan ya waiwaya ga mutanensa ya ce, "To, a kai shi tanderu."

Na yi tsalle na ce wane irin tanderu. Ya ce dokarsu ce, ƙarfen da ya shigo Gangama ba ya fita sai an narka shi. Maza huɗu suka riƙe ni, ga zuga-zugi na huci, ga hutuna yana shirin zama ruwa a gabana. Allah ya taimake ni, tun da safe na lura duk abin da za su jefa sai sun kira sunansa da ƙarfi, fartanyar wane, gatarin wane, don sun yi imani ƙarfe mara suna yana fasa tanderu.

Na ɗaga murya na ce, "Baba, na yarda. Kira sunansa ka jefa."

Makau ya janye takobin daga bakin tanderu. Ya dubi na damansa, na damansa ya dubi ƙasa. Suka yi ta ƙus-ƙus, su da ba sa jin juna. Daga ƙarshe suka miƙo mini takobin da awartaki, ba wanda ya yarda ya sake taɓa shi da hannu, suka raka ni har bakin kogo suna roƙo kada in dawo.

Daga nan na yi wata biyu ina tafiya a ƙasar da ƙaya ta fi ciyawa yawa, har na faɗa Dabaga. Garin 'yan kasuwa ne da suka taru daga ko'ina suka yi arziki, amma ba wanda ya san sunan kakansa, abin kuwa yana ci musu rai. Tsohon tulu in suka samu, kafin yamma ya zama na kakan wani. Da aka ga abin da ke bayana, mutum arba'in suka rantse takobin kakansu ne, kowanne yana hawaye.

Wani attajiri a cikinsu, Sodangi, ya ja ni gidansa, ya ciyar da ni abin da ban taɓa ci ba. Ya fito da takarda mai ruwan zinariya, ga tarihin wani jarumi a rubuce, ga hatimin shaidu bakwai. Ya ce, "Malam, ba takobin nake so ba. Ka koma da shi, ka rubuta sunan gidanmu a fatar, baƙi su riƙa karantawa. Ga alfadari a ɗaure, shi zai kai ka har ƙofar gidanku."

Ba zan ɓoye muku ba, yini guda takardar nan tana hannuna. Ƙafafuna sun kumbura, bayana ya ƙage, alfadarin kuwa lafiyayye ne. Na karanta tarihin sau uku ina neman inda zan yarda da shi. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah kaɗai ba ne, har da haushi, don jarumin nasu an ce ya sare kai dubu da takobin da ba zai yanka kabewa ba. Na mayar masa da takardarsa.

Ran nan aka rufe ƙofofin gari, aka ce ba zan fita ba sai na zaɓi gida ɗaya cikin arba'in ɗin. Suka taru a dandali, kowa da danginsa. Na hau kan wani turmi na ce, "Jama'a, maƙeran Gangama sun saurari ƙarfen nan, sun ce bai taɓa shan jini ba. Ke nan mai shi ya je fagen fama ya ga maza, ya juya da gudu bai sari kowa ba. Ina so in rubuta wannan da sunan gidansu, duniya ta karanta. Jikansa ya matso."

Ba wanda ya matso. Sodangi ne ya fara cewa shi dama kakansa ɗan baka ne. Kafin in sauko daga turmin dandali ya watse, mai gadin ƙofa ma bai dube ni ba da na wuce.

Kogin Juyi kuwa, da hantsi gabas yake gudu, da rana ta karkata sai ya juya yamma. Sau uku ina shiga kwalekwale, gajiya ta sa barci ya kwashe ni, in farka in gan ni a gindin bishiyar da na baro. A na huɗu na zuba tsakuwa a inda zan zauna, na haye da idona biyu.

A hayin kogin na ga duwatsu bakwai sun tokare sama, a gindinsu ga kasuwa tana ci. Na zauna kusa da rumfar wata tsohuwa mai sayar da tukwane, na kwance bargon don in shimfiɗa. Tsohuwar, sunanta Tasalla, ta saki tukunyar da ke hannunta ta fashe.

Ta ce, "Bawan Allah, me ya fito da takobin kira daga inda aka rataye shi?"

Na ce, "Iya, sake faɗa. Takobin me?"

Ta karɓe shi, ta yi mini bayani a hankali. Ƙauyuka bakwai ne a duwatsun nan, kowanne da takobi irin wannan, kowanne da raminsa a jikin ruwan. In masifar da ta fi ƙarfin ƙauye ta sauka, sai su kwaɓa lakar garinsu su shafe takobin da ita, su toshe raminsu, su ba manzo ya fita da shi. Duk wanda ya gan shi da laka, dole ya ajiye abin da yake yi ya bi. Ba a wanke shi sai an gama aikin, kuma waɗanda suka kawo ɗaukin su ke wankewa, su rataye shi a bainar jama'a don kowa ya san an amsa kira.

Ta sa tsinke ta sosa ƙasan mariƙin, inda tsummana bai taɓa kaiwa ba. Wata 'yar ƙura shuɗiya ta zubo a tafinta. Ta ce, "Lakar Ƙoramar Sama ce, su kaɗai ke da shuɗiya. Shekarar da dutse ya zube ya rufe musu hanya, ya danne musu idon ruwa, mun ji sun fitar da takobi, sai manzon ya ɓace. Muna haɗa mutane da igiyoyi, sai mijina ya dawo daga fatauci da albishir. Ya ce ya gan shi da idonsa a babban birnin Zarnagu, a rataye a zauren sarauta, yana walƙiya. Muka ce ashe manyan mutane sun zagayo ta bayan dutse da rundunarsu sun yi aikin. Har sa muka yanka don murna, kowa ya mayar da igiyarsa." Ta dube ni. "Ku ne kuka je, ko ba haka ba?"

Na tuna ranar da dakarun iyaka suka jefo mini shi cikin tarkacen da suka kwaso, ya yi dumu-dumu da busasshiyar laka shuɗiya. Na tuna yadda na ji ƙyama. Kwana uku na yi a kansa da toka da lemun tsami da man gyaɗa, rami guda da ya toshe sai da na sa kibiya na huda shi. Magaji na wancan lokaci ya yaba mini a gaban mutane, ya ce ba a taɓa yin mai tsaro mai tsabtata ba.

Na ce, "Iya, ba wanda ya je. Ni na wanke shi."

Ba ta zage ni ba. Ta tattara gutsattsarin tukunyarta ɗaya-ɗaya, ta juya mini baya.

To, ga shi na samu abin da na fito nema. Na zaro guntun fatar da na ɗauko tun daga gida, na rubuta suna da ƙasa da aiki, ba ƙarya ko ɗaya. Ayarin da zai bi ta Zarnagu yana ɗaure kaya a bakin kasuwa, madugunsu ya ce akwai wuri a kan jaki. Wata uku in kai, in ɗaura fata, in ajiye makullai. Na je har na dafa jakin. Kada ku ce jarumta ce ta hana ni hawa, kunya ce. Na ce wa madugu in ya bi ta Tungar Marke ya gaya wa Tabawa kada ta zuba ido bana. Ya ce baɗi fa? Na ce ban sani ba.

Kwana shida na yi ina hawan dutsen da babu hanya zuwa Ƙoramar Sama, wani wurin da ƙafa, wani wurin da gwiwa, wani wurin da ciki. A sama na tarar da kangaye sun fi ɗari biyu, gidajen da ke da hayaƙi ba su wuce biyar ba. Mutum goma sha tara suka rage. Ruwansu wani ɗigo ne da ke tsattsafowa daga tsagar dutse, sun tara ƙwarya a ƙasa, yini guda take cika. Bayan gari ga tulin duwatsun da suka danne idon ruwan, tsayinsa ya fi ganuwar Zarnagu, a gefensa kuma ga wani ɗan tsibi da suka kwashe da kwando cikin shekara talatin da ɗaya.

Wani tsoho ya ajiye kwandonsa ya nufo ni. Shi ne mai garin, Nomau. Ya dubi takobin, ya leƙa bayana, ya daɗe yana leƙawa.

Ya ce, "Kai kaɗai ne?"

Na ce, "Ni kaɗai ne, Baba."

Na zauna a ƙasa na gaya masa komai, da toka da lemun tsami da yabon da aka yi mini. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Manzon da ya kai muku shi fa? Dogo ne, yana da wushirya. Ƙanena ne."

Na ce, "Ban taɓa tambaya ba."

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace ɗaci da ta taɓa fita daga bakina. Shekara talatin da ɗaya ina tambayar wa ya ƙera, da wace tama, a wace ƙasa, ban taɓa tambayar daga hannun wa aka karɓe shi ba.

Nomau ya tashi ya ɗauko ƙwaryar ruwan nan, ruwan yininsu duka, ya juye a kan shuɗiyar ƙasa. Matan suna kallo. Ya kwaɓa da hannunsa, ya shafe takobin tun daga tsini har mariƙi, ya toshe rami na bakwai da babban yatsa. Ya miƙo mini.

Ya ce, "Ba mu da mai ƙafar sauka. Kai ka san hanya."

Na sauka. Kwana biyar, ina riƙe da shi a sama kada ya gogi dutse, hannuna kuwa sai ƙaiƙayi yake yi irin na mai son tsumma. Na shiga kasuwa ranar da take ci, na tsaya a tsakiya na ɗaga shi da hannu biyu. Samari suka kewaye ni suna dariya, wani ya ce tsoho ya haukace, wata mai abinci ta miƙo mini ruwa wai in wanke kayana. Ba su san abin ba, ba a taɓa nuna musu ba. Hannuwana suka gaji, na ce a raina in na sauke shi ba zan iya sake ɗagawa ba.

Tasalla ce ta fito daga rumfarta. Ta bar tukwanenta a buɗe, ta ɗauki igiyar da take ɗaure kaya, ta zo ta tsaya a bayana. Wani tsoho mai sayar da gishiri ya rufe buhunsa. Wani ya kama kunnen ɗansa, ƙato mai gemu, ya jawo shi yana faɗa masa magana. Dariyar ta ragu, ta mutu.

Da muka kai sama, Nomau ya tsaya a bakin kangaye yana ƙirga mu da yatsa.

Ya ce, "Mutum dubu na nema."

Na ce, "Arba'in da uku ne, Baba, har da ni."

Ya jinjina kai. Ya dubi tulin, ya dubi mutanen, ya nuna wani gefe da haɓa ya ce a fara daga can. Ya karɓi takobin ya jingina shi a inda ruwan sama ba zai taɓa shi ba, ya ɗauko kwando ya ba ni. Shekaruna sittin da takwas a ranar. Na sunkuya, bayana ya yi ƙara, na ɗauki dutsen farko, na tarar ya fi yadda na zata nauyi.